Ni da Injin Markaɗen Gwaggo Binta

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma jajibirin sunan ɗan Yaya Rabi kam ba zan taɓa mantawa da shi ba. Ko da ma na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

A lokacin ina saurayi, gemu bai gama tsirowa ba, na yi zango ɗaya tak a makarantar koyon fasaha a birni, sashen injiniyan kanikanci. Zango ɗaya fa, wata uku da 'yan kwanaki. Amma da ka ga yadda na sauko daga mota a Makoda, jaka a kafaɗa, biro biyu a aljihun gaba, sai ka rantse ni na ƙera motar. Ƙauyenmu yana gaba da Makoda kaɗan, irin ƙauyukan nan da gona take manne da gona, gida yana hango gida, in ka yi atishawa a gabas sai a yi maka addu'a daga yamma. Saboda haka kafin in ƙarasa ƙofar gidanmu labari ya riga ni shiga: injiniya ya dawo hutu.

Shekarun nan ne masu wuya, waɗanda duk wanda ya gan su ba ya son a tuna masa. Damina biyu a jere gero bai yi abin kirki ba, ga gwamnati kullum a rediyo tana cewa a tsuke bakin aljihu (aljihun da babu komai a ciki). Sabulu sai an yi layi, sukari sai an yi layi, man gas kuwa sai mai dogon haƙuri. Kayan gyaran inji ko kana da hali ba ka samu. Duk abin da ya lalace sai dai a ɗaure shi da waya ko da robar taya a ci gaba da lallaɓawa. Amma mu a gidanmu murna ake yi a wannan hutun, domin yayata Rabi, wadda aka kai Shanono, ta dawo gida haihuwar fari, Allah kuma ya sauke ta lafiya, ta sami ɗa namiji.

Bari in faɗa maka abin da na kwaso daga makaranta, don ka san girman ilimin da nake taƙama da shi. Kalmomi ne guda uku. Ta farko firikshin, wato gogayyar da ke tsakanin abu biyu idan suna gugar juna. Ta biyu tork, ƙarfin murɗawar da yake juya sandar inji. Ta uku lubirikeshin, wato dai sa wa ƙarfe mai, ba wani abu ba. Malaminmu ya yi mana bayani cewa gogayya ita ce take cinye ƙarfe, ita take kawo zafi, ita take sa inji ƙara. Ni kuwa na rubuta a littafina da jan biro, na ja layi biyu a ƙarƙashi: gogayya abokiyar gabar inji ce, maganinta mai.

Abin da ya ƙara lalata ni shi ne, da na gwada ilimin a gida sai ya yi aiki. Ƙyauren zaurenmu ya shekara yana kuka, na ɗiga masa mai ya yi shiru. Sarƙar keken Baba tana ƙara kamar ana jan gwangwani, na shafa mata mai ta lafa. Keken ɗinkin Inna yana cijewa, na ɗiɗɗiga masa, ya koma gudu kamar sabo. Sau uku a jere! Inna ta riƙa gaya wa masu zuwa barka, "Ai yaron nan da ya dubi ƙarfe ya san ciwonsa." Ni kuma ina gefe ina sunkuyar da kai wai kunya, alhali kunnuwana a buɗe suke ina jiran ta maimaita.

To, a garinmu injin niƙa ɗaya ne, na Gwaggo Binta, yayar Baba. Mijinta ne ya saya tun zamanin da gyaɗa take da daraja, da ya rasu ya bar mata. Rumfar injin tana jikin katangar ɗakinta, shekara goma sha wani abu tana kwana tana tashi da ƙararsa. Wani maƙwabcinta, Malam Iro, shi yake tayar da shi yana yi wa mutane niƙa da markaɗe. Injin irin na da ne, mai shan gas, mai ƙatuwar ƙafar ƙarfe a gefe, wanda sai an zura hannun ƙarfe an juya da ƙarfi kafin ya tashi. Daga jikinsa akwai fuli, wato ƙaramar ƙafar da take juyawa, sai wani dogon bel mai faɗin tafin hannu da ya tashi daga nan ya je ya zagayo fulin abin markaɗen. Injin ya juya, bel ya ja, abin markaɗe ya juya. Shi ke nan dabarar.

Ranar jajibirin suna tun da safe aka jiƙa shinkafar waina da waken alala. Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. A shekarar nan shinkafa sai gidan wane, Baba sai da ya rabu da tunkiyarsa guda kafin ya haɗa abin da za a fita kunyar baƙi da shi. Ƙullin waina kuwa dole a markaɗa shi da rana ya kwana ya tashi, in ba haka ba da asuba babu abin da za a zuba a tanda. Wake ma in ya daɗe a ruwa cikin zafin nan sai ya yi tsami.

Sai aka wayi gari Malam Iro ya tafi kasuwar Ɗambatta neman gas da sabon bel, domin tsohon ya saki. Ya ce da hantsi zai dawo. Hantsi ya yi, ba Malam Iro. Rana ta take, ba shi. Aka yi azahar, shiru. (Daga baya muka ji motar da ya shiga ce ta mutu a hanya, suka yi ta turi.) Ga kuma dangin mijin Yaya Rabi sun iso daga Shanono, mata shida, shugabarsu Hajiya Asabe, gwaggon mijin, wata doguwar mace mai haƙorin Makka, sanye da farin mayafi fes wanda ta ce daga Makka ta zo da shi.

Ina zaune a zaure Inna ta leƙo, fuskarta duk damuwa. Ta ce, "Kai, ko za ka je ka duba mana injin nan? Gwaggonka ta ce akwai ɗan sauran gas a ciki da zai isa."

Na miƙe a hankali, irin miƙewar manyan likitoci. Na ce, "Inna, ai da tun ɗazu kuka faɗa."

Na shiga ɗaki na sa rigar aikinmu ta makaranta, shuɗiya mai haɗe da wando, wadda ko ɗigon mai bai taɓa taɓa ta ba. Na soka sifana a aljihun baya (ta keken Baba ce, ba ta shiga ko noti ɗaya a jikin injin ba). Na ɗauki littafina. Ko da na isa rumfar, mata sun cika ta, kowa da ƙwarya ko roba, har da baƙin Shanono, don Inna ta riga ta gaya musu ƙanin mai jego injiniya ne, suka ce sai sun zo sun gani.

Gwaggo Binta tana zaune a kan turmi a bakin ƙofarta, gajeriyar tsohuwa mai ƙaramar murya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka iya tayar da shi dai ko?"

"Gwaggo, irin wannan ai shi muke kwancewa mu ɗaura a makaranta."

(Ƙarya nake yi. A hoto kawai na taɓa ganin cikinsa.)

Ta ce, "To. Iro ya ce bel ɗin ya saki, a riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan, kada a cika masa ciki. In ya yi kuka ka rage. Ka ji ko?"

Na ce na ji, amma a raina cewa na yi: Malam Iro da ko aji ɗaya bai yi ba, shi zai koya mini?

Allah ya rufa mini asiri wajen tayarwa, don tun ina yaro nake kallon yadda ake yi. Na zura hannun, na juya, na juya har idona ya yi ja, na saki ɗan ƙarfen da ake saki, inji ya yi tari sau biyu ya kama: tuf, tuf, tuf, tuf. Mata suka ce, "Masha Allah!" Na share gumi da bayan hannu ina kallon sama kamar ba komai ba.

Aka miƙo shinkafa. Maimakon kaɗan-kaɗan, na kwara kwano guda cur a bakin abin markaɗen, na bi da ruwa. Nan take bel ya fasa wani irin kuka, ƙiiiiii, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Mata suka toshe kunne. Gwaggo ta ɗaga murya, "Rage masa! Na ce ka rage!"

Ni kuwa daɗi ne ya kama ni. Ƙarar gogayya! Ai wannan ciwon na san shi, sau uku ina warkar da shi. Na lalubi wajen kashewa, na yi sa'a na kashe. Na juyo na fuskanci jama'a, na gyara tsayuwa, na buɗe littafi. Har yau in na tuna jawabin da na yi sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Na ce, "Iyayena, kun ji wannan kukan? A ilimin injiniya sunansa firikshin. Gogayya ke nan. Bel yana gugar fuli, fuli yana gugar bel, babu abin da ya raba su. Wannan shi yake cinye tork ɗin injin, shi yake shanye gas. Shekara da shekaru ana wahalar da injin nan saboda rashin sani."

Hajiya Asabe ta gyaɗa kai ta ce, "Ikon Allah. Ka ji boko."

Wannan ya ƙara mini ƙarfi. Na ce, "Abin da yake buƙata lubirikeshin ne. Gwaggo, ina Malam Iro yake ajiye baƙin mai?"

Gwaggo ta dube ni. Ta ce, "Yana cikin galan can a lungu. Me za ka yi da shi?"

"Bel zan shafa wa."

"Bel?" Ta ɗan karkata kai. "Ni dai tunda nake ban taɓa ganin an sa wa bel mai ba. Marigayi bai sa ba, Iro bai sa ba."

Na yi murmushin nan na tausayi, wanda har gobe nake neman gafarar Allah a kansa. Na ce, "Shi ya sa yake kuka, Gwaggo."

Wata daga cikin matan ta ce, "Ke Binta, bar yaro ya yi aikinsa mana, shi da gwamnati ta koya wa." Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi baƙi, ta fasa. Ba ta so ta kunyata ɗan ƙaninta a gaban surukai. Sai kawai ta tashi ta ɗauko faya-fayai ta rufe manyan robobin shinkafa da wake, ta ja su can bayan turmi. A lokacin ban gane dalili ba.

Na ɗauko galan. Baƙin mai ne wanda aka juye daga inji, baƙi ƙirin, mai kauri. Na sami tsumma na tsoma, na bi bel ɗin nan ciki da waje na shafe shi tas, ina juya ƙafar da hannu don kada wani wuri ya tsira. Na shafe fuli na gaba, na shafe na baya. Ban yi rowa ba ko kaɗan. Da na gama bel yana ta ƙyalli.

Na sake tayar da inji. Tuf, tuf, tuf, tuf. Jama'a, kukan nan ya ɗauke ɗif! Babu ƙiii, babu komai, sai bugun inji mai daɗi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Hajiya Asabe ta matso kusa don ta gani da kyau tana cewa, "Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka." Na rungume hannu a ƙirji. Ina jin a duk rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, kuma bai fi a ƙirga goma ba.

Inna ce ta fara magana. Ta tara roba a bakin da ƙulli yake fitowa, ta ce, "To ai ba ya zubowa."

Na leƙa. Shinkafa tana nan zaune a inda na zuba ta, ko motsi ba ta yi. Na dubi fulin abin markaɗen, yana tsaye cik. Inji yana gudu, bel yana zamewa a kan ƙarfe sumul kamar ƙafa a kan taɓo, ba ya jan komai. Kukan ya daina ne saboda aikin ma ya daina.

Mai hankali a nan zai kashe inji. Ni sai na ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Tork ne ya yi kaɗan!" Na kama wajen ƙara wuta na ja shi har ƙarshe.

Inji ya yi wani irin gurnani, rumfa ta ɗauki rawa. Bel ya fara kaɗawa sama da ƙasa, sai ya shiga feshi. Duk man nan da na shafa ba rowa ya dawo mana da shi. Ya zana baƙin layi a jikin katanga, ya zana a rufin kwano, ya zana a fuskata, ya yayyafa cikin shinkafar da ke bakin injin. Hajiya Asabe kuwa, da yake ita ce ta fi kowa matsowa, ya ɗauko ta tun daga kafaɗar dama har zuwa gwiwar hagu, layi ɗaya miƙaƙƙe a kan farin mayafin Makka, kamar an sa ma'auni.

Mata suka watse da salati, ana ture juna, ƙwarya tana faɗuwa. Ban gama buɗe ido ba bel ya yi tsalle ya fice daga kan fuli, ya zo ya shauɗe ni a mazaunai, fyau! Na yi wani ihu da ban san ina da irinsa ba, sifana ta yi nata wuri, littafi ya faɗa cikin ruwan wake da ya zube. Inji kuwa da ya ji babu kaya a kansa sai ya ƙara gudu, yana tsalle a kan katakonsa, hayaƙi ya turnuƙe. Na rasa inda ake kashewa. Wurin da na taɓa da hannuna ɗazu-ɗazun nan, wallahi ya ɓace mini. Ina ta zagaya inji, hannu ɗaya a baya ina sosawa, ina cewa, "Ku ja baya! Ku ja baya!" alhali babu kowa a kusa sai ni.

Sai ga Gwaggo Binta ta ratso hayaƙin, ba sauri ba gudu, ta ɗaure zaninta, ta miƙa hannu ta danne wani ɗan ƙarfe. Inji ya yi tuf... tuf... tuf, ya yi shiru.

Irin shirun nan ne da kake jin kukan kaza daga unguwa ta uku. Hajiya Asabe ta dubi mayafinta, ta dube ni, baƙin mai yana ɗiga daga hancina. Ta juya wajen Inna ta tambaya a hankali, da ladabi, kamar mai son ta tabbatar, "Shi ne dai injiniyan, ko akwai wani?"

Wata ta fara ƙyalƙyalewa ta toshe baki da mayafi, sai ta biyu, sai rumfa gaba ɗaya ta ɗauka. Har Hajiya Asabe sai da ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba, tana kallon kwanon shinkafar da ya lalace. Wannan kallon ya fi bulalar bel yi mini zafi, domin na san abin da Baba ya rabu da shi kafin a same ta.

Gwaggo ba ta zage ni ba. Ta ce, "Kwano ɗaya ne, saura suna rufe. Ɗauki bel ɗin nan." Ta sa aka kawo toka da ruwan zafi da yashi, na durƙusa na yi ta dirza, na wanke, na sake dirzawa, na goge fulin biyu har suka daina santsi, na shanya bel a kan danga. Sannan ta aika gida-gida aka fito da duwatsun niƙa, waɗanda wasu tun zuwan inji aka jingine su a bayan rumbu. Guda biyar aka samu. Mata huɗu suka durƙusa. Gwaggo ta nuna mini na biyar.

Na ce, "Gwaggo, ni?"

"Kai. Wake ba zai jira Iro ba."

Haka na durƙusa a tsakiyar mata, cikin rigar injiniya, ina markaɗa wake a kan dutse. (In ba ka taɓa yi ba, kada ka raina matan da. Kafin in gama ƙwarya ɗaya kafaɗuna sun mutu.) Baƙin Shanono ma suka tuɓe mayafai suka karɓi masu niƙan, ana yi ana waƙar niƙa, ana sako sunana a ciki. Gwaggo ta jawo turminta ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "Shafa dutsen nan ka ji."

Na shafa.

"Santsi ne da shi ko kaushi?"

"Kaushi."

"To da kaushin yake ci. In ya yi santsi sai mun sa an sassare shi da ƙarfe kafin ya sake niƙa. Yanzu in na zuba maka man gyaɗa a kai, me za ka niƙa?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da markaɗe.

Ta ce, "Shi ma bel haka yake, da kamu yake ja. Kukan da ka ji, cewa yake yi kaya sun yi masa yawa yana zamewa. Kai kuma ka ƙara masa abin zamewa. Mene ne ma sunan abin da turancin?"

Na ce a ƙasa-ƙasa, "Firikshin."

"To shi. Wani wurin a kore shi, wani wurin a roƙe shi ya zauna."

Bayan la'asar sai ga Malam Iro, ƙafa duk ƙura, da jarkar gas a ka. Bel kuwa ya zagaye kasuwar Ɗambatta kaf bai samu ba, ko tsoho. Wato wannan da na yi wa wanka da mai shi kaɗai ne a duniyarmu. Da aka ba shi labari sai ya sauke jarka, ya je ya dubi layin da ke jikin katanga, ya bi shi da ido har rufi, ya ce, "Kai, amma an yi aiki a nan." Ya shafa bel ya ji ya bushe, ya ce Allah ya taimaka an wanke da wuri, da ya kwana da mai a jiki da sai dai a yi takalmi da shi. Ya yanke kamar faɗin yatsa biyu, ya sake haɗe bakin, ya narka ƙaro a gwangwani ya shafa a cikin bel ɗin don ya riƙa kamawa. Sannan ya kira ni, ba tare da gori ba, ya nuna mini wasu 'yan ramuka a gindin sandar injin.

Ya ce, "Injiniya, ka ga nan? Boris ne a ciki, wanda sandar take juyawa a kansa. Nan ne yake son mai, kullum ma. Can kuwa," ya nuna bel, "ko hannunka in da maiƙo kada ka taɓa."

Ya tayar, ya riƙa zuba shinkafa da ɗan ludayi, kaɗan-kaɗan, ƙulli yana zubowa fari tas. Kafin magariba an gama komai. Da safe aka raɗa wa yaro suna, waina ta yi kyau har ana tambayar wa ya haɗa ƙullin, alala ma ta isa kowa. Wadda aka yi da waken da na markaɗa an ce ta ɗan yi tsaki-tsaki, sai aka ware mini ita.

Baba bai ce mini komai ba sai da baƙi suka tafi. Muna zaune a zaure ya ce, "An ce gwaggonka ta yi maka magana kafin ka shafa."

Na ce, "Ta yi."

"To." Abin da ya faɗa ke nan, ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mayafin Hajiya Asabe kuwa, Inna ta wanke da sabulu, ta wanke da kanwa, ta jiƙa da lemon tsami, layin nan ya dushe amma bai fita ba. Na bi su har bakin mota na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, ai ta yafe, ta daɗe ba ta yi dariya irin ta jiya ba tun da aka shiga wannan matsin. Amma ta tafi da labarin Shanono, kuma ba ta rage komai a hanya ba. Shekaru bayan haka in na je gaida Yaya Rabi, tun daga bakin kasuwa nake jin ana cewa, "Ga Injiniya Santsi nan ya zo." A garinmu ma sunan ya bi ni. Yaron da aka yi wa sunan yanzu shi ma magidanci ne, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Kawu Santsi.

Da muka koma makaranta, sati na biyu, malaminmu ya shigo ya rubuta darasin ranar a allo: yadda bel yake ɗaukar ƙarfi daga fuli zuwa fuli. Ya ce duk wannan tsarin a kan gogayya ya dogara, in babu ita babu abin da zai juya. Sannan ya tambaya, "Wa zai gaya mini abin da zai faru idan mai ya taɓa bel?"

Hannuna ya riga na kowa tashi. Na yi bayani dalla-dalla: yadda ƙara za ta ɗauke, yadda fulin baya zai tsaya, yadda bel zai yi feshi, har da kusurwar da yake bi in zai fice. Malam ya yi ta gyaɗa kai, ya ce wa 'yan aji su yi koyi da ni, da gani ina karatu gaba da inda aka tsaya. Na karɓi yabon na zauna, a hankali, don wurin bai gama warkewa ba.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin injuna bayan nan, manya da ƙanana, kuma alhamdu lillahi da shi na ci na sha na aurar da 'ya'ya. Abin da na ɗauka daga rumfar Gwaggo Binta shi ne, kafin in taɓa kowane inji sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa yana jin ƙararsa, ko da bai san sunan ko ƙusa ɗaya da turanci ba, in tambaye shi, in kuma saurara har ya gama. Sannan in zan gwada wata sabuwar dabara, nakan fara duba ko akwai mai fararen kaya a kusa.